Yaya za mu gane ko tiyatar da muke yi wa yara tana yin kyau?

Sistar Ɗakin Yara, Tudun Wada

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar likitoci da ma'aikatan jinya da duk wanda ya san aikin ƙididdiga a kan wani nauyi da aka ɗora mini. Ina aiki a ɗakin kwantar da yara na wani asibiti a nan Zariya, inda ake yi wa yara tiyata iri-iri, tun daga ƙananan ayyuka kamar gwaiwa da gyaran kaciyar da ta ɓaci a hannun wanzami, har zuwa manya kamar ɗinke hanjin da zazzaɓin taifot ya huda. Kwanan baya hukumar asibitin ta kafa kwamitin inganta aiki, aka ce ni zan riƙa kawo rahoton ɓangarenmu a ƙarshen kowane wata.

Rahoton da muka gada abu huɗu kawai yake nunawa: yara nawa aka kwantar, nawa aka shiga da su tiyata, nawa aka sallama, nawa suka rasu. Wanda ya duba waɗannan alƙaluma daga ofis zai ce komai lafiya lau, domin adadin waɗanda suka rasu ba shi da yawa. Amma mu da muke wankin ciwo kowace safiya mun san akwai abin da takardar ba ta faɗa. Akan sallami yaro ranar Talata, bayan mako guda a dawo da shi ɗinkin ya buɗe yana zubar da ruwa, sai a ba shi sabon layi a rajista tamkar ba a taɓa ganinsa ba. Akwai kuma iyayen da kuɗi yake ƙare musu, ko kuma su ga jikin yaro ya yi tsanani har sun fidda rai, sai su sa hannu su tafi da shi gida. A rahoto ana jera irin waɗannan cikin waɗanda suka fita da ransu, alhali babu wanda ya san abin da ya same su bayan sun hau mota zuwa Soba ko Giwa.

Abin da nake son sani shi ne, me ya kamata mu riƙa rubutawa idan da gaske muna son gane ko aikinmu yana kyau, kuma har zuwa yaushe ya kamata a bi yaro bayan an sallame shi? Sannan wasu a kwamitin suna son mu gwada alƙalumanmu da na sauran asibitoci, ni kuwa ina shakkar ko hakan adalci ne. Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi damuna, ina tsoron kada rahoton ya zama hanyar nuna wa juna yatsa tsakanin likitoci da nas-nas, domin idan ya zama haka, na san ba wanda zai ƙara rubuta gaskiya.

Tsohon Likitan Fiɗa, Samaru

Wa alaikumus salam, Sista. Allah ya taya ki riƙo. Tambayar da kika yi tsohuwa ce a wannan sana'a tamu. Tun farkon ƙarni na 20 wani likitan fiɗa a birnin Boston na Amurka, Ernest Codman, ya nace cewa wajibi ne asibiti ya bi kowane mara lafiya har ya ga ƙarshen aikin da aka yi masa. Yakan buɗe wa kowa kati, a sake nemansa bayan shekara guda, a rubuta ko ya warke, in bai warke ba a binciko dalili. Abokan aikinsa ba su yi marhabin da wannan ba, har ta kai ya ajiye aiki a babban asibitin Massachusetts a 1914. A ƙaramin asibitin da ya buɗe na ƙashin kansa ya buga sakamakon marasa lafiya 337, ya kuma lissafa kurakurai 123 a cikinsu da hannunsa. Na kawo shi ne don ki san cewa turjiyar da za ki fuskanta ba da ke aka fara ba.

Rahoton da kuka gada yana kama da na manomin da ya san buhun irin da ya shuka amma bai taɓa ƙirga damin da ya girbe ba. Gyara na farko shi ne a daina ɗaukar ranar sallama a matsayin ƙarshen labari. Ma'aunin da aka fi amfani da shi a duniya shi ne kwana 30 daga ranar aiki, ko yaro yana asibiti ko yana gida. Saboda haka kowane yaro layi ɗaya yake buƙata a rajista, kuma ba a rufe layin sai an ji labarinsa a kwana na 30. Idan ya dawo da ciwo yana ruwa, a koma tsohon layinsa a rubuta. Waɗanda iyayensu suka sa hannu suka tafi da su kuwa, a ware musu gurbi nasu daban, kada a taɓa haɗa su da waɗanda aka sallama sun warke. A abin da na gani a rayuwar aikina, yawancin mace-macen da ba a ƙirga ba a wannan gurbi suke ɓuya.

Na biyu, mutuwa ba ita kaɗai ce matsala ba. Akwai tsarin da Clavien da Dindo suka fitar a 2004, wanda ya kasa matsalolin bayan tiyata mataki biyar gwargwadon abin da aka yi don magance su. Mataki na farko shi ne ɗan abin da aka gyara a bakin gado, kamar buɗe ɗinki a fitar da mugunya. Na biyu shi ne wanda ya buƙaci ƙarin magani, misali maganin kashe ƙwayoyin cuta ko ƙarin jini. Na uku shi ne wanda sai da aka sake yi wa yaro wani aiki, na huɗu wanda ya kai shi ɗakin kulawa ta musamman rai a hannun Allah, na biyar kuwa rasuwa. Kyan wannan tsari shi ne ba ya dogara da ra'ayin likitan da ya yi aikin. Ko ya ce abin ƙarami ne, in dai an koma da yaron tiyata, mataki na uku ne, nas ma za ta iya rubutawa ba tare da gardama ba.

Shakkar da kike yi game da gwada asibiti da asibiti tana kan hanya. Ki ɗauki yara biyu da taifot ya huda wa hanji. Ɗaya an kawo shi a ranar da ciki ya fara ciwo, ɗayan kuwa ya yi kwanaki ana ba shi magani daga kemis, aka kai shi wani ƙaramin asibiti aka yi masa ƙarin ruwa, sai da ciki ya kumbura, fitsari ya ɗauke, jini ya yi ƙasa, sannan aka turo shi. Likita ɗaya zai yi musu aiki iri ɗaya da zare iri ɗaya, amma ba a tsammanin ƙarshensu ya zama ɗaya. Wannan ne ya sa babban asibiti irin na koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, wanda ake turo wa abin da ya gagari asibitocin jihohi da dama, ba za a ajiye alƙalumansa kusa da na asibitin da yawancin aikinsa gwaiwa ce, a ce an yi awo na gaskiya ba. Don haka a rubuta halin da yaro ya zo da shi: shekarunsa, nauyinsa, kwana nawa da fara ciwon, yawan jininsa, aikin gaggawa ne ko na shiri, kuma daga ina aka turo shi. Jarirai 'yan ƙasa da kwana 28 a ware su gaba ɗaya, domin duniyarsu daban ce.

Bari in ba ki alƙaluman da suka sa nake cewa aikinku na ɗakin kwanciya ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato. A 2018 mujallar Lancet ta buga wani bincike da aka yi a kan manya 11,422 da aka yi wa tiyata a ƙasashen Afirka 25. An samu cewa matsalolin bayan aiki ba su fi na sauran duniya yawa ba, amma mutuwa bayan tiyatar da aka shirya ta ninka sau biyu, kuma kashi 94 cikin 100 na waɗanda suka rasu ba a ranar aikin suka rasu ba, sai a kwanakin da suka biyo baya. Ma'ana, matsala tana tasowa a kan gado, ba a gane ta da wuri ba, ko an gane babu abin da za a yi da shi. A 2024 aka buga irinsa a kan yara 8,625 a ƙasashen Afirka 31, inda kashi 18 cikin 100 suka sami matsala bayan aiki, kashi 2.3 kuma suka rasu, wato kusan ninki 11 na abin da ake gani a ƙasashe masu arziki. Saboda haka akwai wani adadi da nake so ki riƙa fitarwa kowane wata: cikin yaran da suka sami babbar matsala, nawa aka ceto, nawa suka tafi? Wannan adadi ya fi kowanne nuna ingancin jinyar dare.

Game da jarirai kuwa, binciken da aka buga a 2021 a kan yara 3,849, yawancinsu jarirai, masu nakasun haihuwa iri bakwai a ƙasashe 74 ya nuna cewa kusan kashi 40 cikin 100 suna rasuwa a ƙasashe matalauta, kusan kashi 20 a masu matsakaicin hali, ƙasa da kashi 6 a masu arziki. Jaririn da aka haifa hanjinsa a waje ta wata kafa kusa da cibiya, kashi 90 cikin 100 sun rasu a ƙasashe matalauta, a masu arziki kuwa ba su kai kashi 2 ba. Bambancin ba a wuƙa yake ba. Yana wurin ɗumi, ruwan jiki, hanyar jijiya da ba ta toshewa, ciyarwa ta jijiya, da saurin isowa asibiti.

Baban Yara, Ƙofar Doka

Salamu alaikum. Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, malamin makaranta ne, amma ina roƙon a ba ni dama in yi magana da yawun iyaye. An haifi ɗana babu dubura. Sai da ciki ya fara kumbura ranar da ta biyo bayan haihuwa sannan kakarsa ta lura, muka garzaya asibiti. Aka fito masa da hanji ta gefen ciki domin ya riƙa bayan gida ta nan, daga baya aka yi babban aikin buɗe hanya, sannan aka mayar da hanjin. Ba ni da abin cewa ga waɗanda suka yi aikin sai godiya da addu'a, domin yaron yana nan da ransa, har ya shiga makaranta.

Amma, Likita, da girmamawa nake cewa kwana 30 ɗin nan ba su isa su auna irin aikin da aka yi wa ɗana ba. A takarda na tabbata an rubuta cewa an yi nasara sau uku. Abin da ba a rubuta ba shi ne watannin da mahaifiyarsa ta yi tana fama da fatar gefen cikin da ta saɓule, tana yayyanka tsofaffin zannuwa tana ɗaurawa saboda jakar da ake mannawa ta fi ƙarfinmu. Ba a rubuta cewa har yanzu wani lokaci yakan ɓata wando bai sani ba, yara su yi masa dariya, ya dawo gida ya ce ba zai koma aji ba. A wurina sakamakon aikin shi ne ko yaro zai iya riƙe bayan gida lokacin da ya kai shekarun makaranta, kuma wannan ba a ganinsa sai bayan shekaru.

Akwai kuma kuɗi. Mun sayar da filin da muke da shi kafin a kammala, kuma a ɗakin da muka kwanta na ga wani bawan Allah da ya zo daga ƙauye ya tafi da 'yarsa tsakanin aiki na farko da na biyu, bai dawo ba. Idan ana son sanin gaskiya, a riƙa tambayar iyaye nawa suka kashe gaba ɗaya, har da mota da abinci da magungunan da aka rubuta musu su sayo a waje, a kuma tambaye su me suka sayar. Ki karɓi lambar waya biyu, Sista, ta uba da ta wani ɗan'uwa ko maƙwabci, domin a ƙauye waya ɗaya takan yi kwanaki babu caji. Kuma in za a kira, a sa wanda yake jin Hausa sosai ya kira, ya fara da gaisuwa da tambayar jikin yaro, kada ya fara da karanto tambayoyi, domin mai yiwuwa gidan da aka kira suna cikin zaman makoki.

Malamin Ƙididdiga, Kongo

Allah ya ƙara wa yaron lafiya, Malam. Maganarka ta nuna cewa akwai ayyukan da suke buƙatar rajista ta biyu mai dogon zango, musamman na dubura da na mafitsara da na ciwon daji, kuma ina ganin Likita ba zai musa ba.

Inda na ɗan saɓa da Likita shi ne yawan abubuwan da ya lissafa. Duk suna da amfani, amma na sha ganin rajistar da aka zana mata gurabe masu yawa, aka cika ta da zumuɗi a watan farko, zuwa wata na uku rabin guraben fayau. Rajista mai gurbi goma da ake cikawa kullum ta fi mai gurbi arba'in da ake tsallakewa. Ki fara da kaɗan a littafi mai bango mai ƙarfi wanda ba ya barin ɗakin, a ƙarshen wata ki shigar da shi kwamfuta. Kuma kowane wata ki faɗi yara nawa aka kasa samun labarinsu a kwana na 30, domin idan an yi wa yara 60 aiki aka sami labarin 35 kawai, duk abin da kika ce game da sakamako magana ce a kan 35, kuma babu dalilin zaton cewa sauran 25 ɗin sun fi su samun lafiya.

Sai kuma haɗarin ƙananan alƙaluma. A ce bara an yi wa jarirai 10 wani aiki 2 suka rasu, bana an yi wa 10 sai 3 suka rasu. A kan allo za a ga mutuwa ta tashi daga kashi 20 zuwa kashi 30 cikin 100, shugaban kwamiti ya ɗaga murya, alhali bambancin jariri ɗaya ne, wanda mai yiwuwa an kawo shi ne a makare. Tiyatar yara cike take da cututtukan da ba a cika gani ba, shi ya sa asibiti ɗaya ba ya tara adadin da zai isa a yanke hukunci cikin wata ɗaya ko ma shekara ɗaya. Ki riƙa rubuta ainihin adadin kusa da kason, ki zana layin wata-wata a jikin bango, ki duba inda ya dosa cikin dogon lokaci. Wannan ne kuma dalilin da ya sa manyan binciken da Likita ya ambata suka haɗa ɗaruruwan asibitoci wuri guda.

Duk da haka kada tsoron ƙananan alƙaluma ya zama mafaka. A birnin Bristol na Ingila, kwamitin bincike da ya fitar da rahotonsa a 2001 ya gano cewa tsakanin 1991 da 1995 jarirai 30 zuwa 35 'yan ƙasa da shekara ɗaya sun rasu bayan tiyatar zuciya fiye da yadda za a yi tsammani a sauran cibiyoyin ƙasar. Wanda ya fara tara alƙaluman ya yi ƙorafi wani likitan sa barci ne, Stephen Bolsin, kuma an daɗe ba a ɗauki ƙorafinsa da muhimmanci ba. Alƙaluman suna nan tun da wuri, abin da aka rasa shi ne mai sauraro.

Shawarata ta ƙarshe ta samo asali ne daga rabon da Avedis Donabedian ya yi a 1966, inda ya ce ana auna ingancin kula da lafiya ta fuska uku: kayan aiki da ma'aikatan da ake da su, yadda ake gudanar da aikin, da kuma sakamako. Sakamako yana jinkirin nunawa, amma yadda ake gudanar da aiki ana iya ƙirga shi gobe da safe. Awa nawa yaro ya yi tsakanin isowarsa da shiga tiyata? An ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a yanka ko bayan an gama? Waɗannan suna hannunku, kuma idan suka gyaru za a gani cikin makonni. Ki gaya wa kwamitin ma cewa ba wani baƙon abu kike nema ba, domin kwamitin Lancet kan tiyata a duniya ya sa adadin mutuwa bayan aiki cikin ma'aunai shida da ya ba ƙasashe shawara a 2015, kuma tsarin tiyata na ƙasa da Najeriya ta fitar na 2019 zuwa 2023 ya saka tiyatar yara a ciki.

Mai Sa Barci, Sabon Gari

Sista, sannu da ƙoƙari. Ni nas ce a ɓangaren sa barci, kuma zan ƙara a kan abin da Malamin Ƙididdiga ya ce game da abubuwan da ake iya ƙirgawa nan take. A yara, nauyi shi ne tushen komai, domin da shi ake lissafa maganin barci da ruwan da za a ƙara da jinin da za a sa. Ki duba katunan wata guda ki ga yara nawa aka ɗora a sikeli da gaske, nawa kuma aka kalla da ido aka kintata. Ki kuma rubuta zafin jikin jariri lokacin da ya bar ɗakinku da lokacin da aka dawo da shi, musamman a watannin hunturu, domin jaririn da ya yi sanyi a hanya ko a kan tebur numfashinsa yakan yi rauni, jininsa ya ƙi daskarewa. Hula da bargo da rufe taga ba su da tsada. Akwai kuma hana abinci, inda za a ce wa uwa kada ta ba da nono tun tsakar dare, sai aikin ya kai la'asar ba a yi ba, yaro ya galabaita sukarin jininsa ya faɗi, alhali ƙa'idar da aka sani ita ce awa 6 ga abinci, awa 4 ga nonon uwa, awa 2 ga ruwa zalla.

Takardar tantancewa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai tambayoyi 19 da ake bi a ɗakin tiyata don kauce wa kuskure, wadda aka fitar a 2008, tana da amfani idan an yi ta da baki. A gwajin da aka yi a asibitoci takwas, har da ɗaya a Ifakara ta Tanzaniya, mutuwa ta ragu daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin 100, matsaloli kuma daga kashi 11 zuwa 7. Amma da aka wajabta ta a asibitocin lardin Ontario na Kanada, binciken da aka buga a 2014 bai ga wani sauyi na a zo a gani ba. Ni abin da na fahimta shi ne, idan an gama aiki sannan wani ya zauna ya yi ta dangwala alama a takarda, an cika fom ne kawai. Amfaninta yana wurin a tsaya cak kafin wuƙa ta taɓa fata, a faɗi sunan yaron da ƙarfi, a tabbatar gwaiwar dama ce ko ta hagu, a tambaya ko jini yana nan a ajiye, a ƙirga audugar da aka shiga da ita.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne daren farko. 'Yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar oksijin a jini, idan guda ɗaya ce a ɗaki mai cike da gadaje, kuma maƙalin na manya ne da ba ya kama yatsan jariri, to ba a auna komai ba. Ki sa a rahotonki sau nawa aka duba bugun zuciya da numfashin yaro a awa 24 na farko, da kuma minti nawa aka yi tsakanin kiran likita da zuwansa. Iyaye mata ma a koya musu alamomi kaɗan, domin su ne idonsu biyu a bakin gado lokacin da nas ɗaya take zagaya ɗaki duka.

Tsohon Likitan Fiɗa, Samaru

Na karɓi gyaran Malamin Ƙididdiga game da yawan gurabe, na kuma karɓi na Baban Yara hannu bibbiyu. Saura tambayar nuna yatsa, wadda ba wanda ya taɓa sosai. A yi zama sau ɗaya a wata, ƙofa a rufe, likitoci da nas-nas da masu sa barci da mai kula da ɗakin gwaji duk su halarta, a ɗauki kowane yaro da ya rasu ko aka sake yi wa aiki a bi labarinsa daga ƙofar asibiti har ƙarshe. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma sharaɗin shi ne babban likita ya fara gabatar da nasa kafin na ƙananan, kuma takardar da za ta fita daga ɗakin ba ta ɗauke da sunan ma'aikaci, sai abin da za a gyara da wanda zai gyara da ranar da za a duba. Idan aka fara rage wa mutum girma da abin da ya faɗa a wannan zama, ko aka riƙa jera likitoci daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, abin da zai biyo baya shi ne kowa ya riƙa guje wa yaron da ya zo a galabaice yana tura shi gaba don kada ya ɓata masa alƙaluma.

Za ki ji ana cewa kwana ne ya ƙare, kuma dukkanmu mun yi imani da ƙaddara. Wannan magana ce ta ta'aziyya, wurinta gaban iyaye. A cikin zaman kuwa tambayar ita ce ko silindar oksijin tana da iska a daren, ko an sami jini a kan lokaci, ko an kira wanda ya kamata a kira, domin amanar da aka ba mu a kan waɗannan za a tambaye mu.

Sistar Ɗakin Yara, Tudun Wada

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na zana littafin da gurabe goma sha biyu, ciki har da nauyi, kwanakin ciwo kafin zuwa, matakin matsala, yadda yaro ya bar asibiti, lambar waya biyu da labarin kwana na 30, kuma zan ware shafukan baya domin yaran da aka fito wa da hanji ta ciki, a riƙa binsu har a mayar. Zafin jikin jarirai da duba na daren farko za mu fara ƙirga su daga ranar ɗaya ga wata, tunda ba sa buƙatar izinin kowa.

Abin da ban warware ba shi ne kiran wayar. Kwamitin bai ware kuɗin katin waya ba, kuma ba na son ya dogara da aljihun nas ɗin da take bakin aiki, domin ranar da aka canza mata ɗaki abin zai tsaya. Ina tunanin in nemi a saya wa ɗakin ƙaramar waya guda da layinta, a ajiye ta tare da littafin. Ga ƙauyukan da babu sabis kuwa, ko akwai wanda ya taɓa gwada bi ta hannun ma'aikatan ƙananan asibitocin da ke kusa da su, ya gaya mini yadda suka tsara abin?